Jinin da Bai Je Huhu Ba

Ba-haka-ba yara suke kiran ta, amma a bayan idonta. A gabanta Malama ce, kuma da ladabi, don ba ta da tsawo amma tana da ido. A bakinta suka tsinci sunan. Yaro zai miƙe ya zuba amsa, ƙirji a gaba, ta bar shi har ya kai aya, sannan ta karkata kai ta ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma ba haka ba ne." Mai karanta labarai a rediyo ma bai tsira daga gyaranta ba. Mijinta, wanda gyaran firji da fanka ne sana'arsa, yakan ce duk unguwar shi kaɗai ne magidancin da ake ba wa maki idan ya yi hira a gidansa.

Ba koyarwa ta so yi ba tun farko. Aikin jinya ta nufa, har ta samu gurbi, har an ɗinka mata fararen kaya. Ranar da aka fara kai su ɗakin ɗinke rauni, ta ga jini na gaske yana bin hannun wani mutum, sai farkawa ta yi ta ga ana yi mata fifita da kwali. Ta sake gwadawa, aka sake kwasar ta a ƙasa. Daga nan ta tattara nata ya nata ta koma makarantar horon malamai, ta fito tana koyar da ilimin halittu. Jinin da ya kore ta daga asibiti shi ta zauna tana zanawa a allo da jan alli, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Wurin da makarantarsu ke kira ɗakin gwaje-gwaje kuwa, abin a yi dariya ne in da ba abin takaici ba ne. Famfuna a jere a kan doguwar kanta, babu mai rai da ya taɓa ganin sun ɗiga. Kabad mai gilashi cike da kwalabe, ba komai a cikinsu sai busassun ƙudaje. Ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya a tsaye a lungu. Madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya tak da makarantar ta mallaka yana kulle a ofishin Shugaba, wai don kada ya lalace. Kuma duk ƙarshen shekara sai a tara malamai a dube ta ba kunya a tambaye ta me ya sa yara ba sa cin kimiyya. A miƙa wa mutum alli da allo a ce ya fitar da likitoci! Ita dai takan haɗiye, ta koma aji ta zana hanta.

Waƙa ta shigo rayuwarta ne ta ƙofar ɓacin rai. Akwai wata yarinya 'yar bencin baya, ana ce mata Rediyo don bakinta ba ya mutuwa. Wata safiya Malama ta tambaye ta ina abinci yake zuwa idan ya bar tumbi, yarinyar ta tsaya tana sosa ƙeya tana kallon rufi. Da aka fita hutun rabin rana, Malama ta bi ta bayan aji, sai ga Rediyo a gindin taga tana rera wata doguwar waƙar soyayya da ake yayi, tun daga farko har ƙarshe, har kiɗan ma da baki take yin sa.

"Ke, zo nan. Wannan duk a kanki take?"

"E, Malama."

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Malama. Da kanta take shiga."

"Ita ta shiga da kanta, amma hanjin da ke cikin cikinki ya rasa ƙofa? To ki je ki kwashe masoyin nan daga cikin waƙar, ki zuba min darasina a madadinsa. Ranar Alhamis ina jira."

Horo ta yi nufi da shi. Ranar Alhamis Rediyo ta miƙe ta raka loma tun daga haƙori har inda ba a faɗa a gaban manya, a kan karin waƙar nan, aji ya ɗauki amshi yana dukan benci. Mako na zagayowa Malama ta yi musu gwaji, har dolayen aji suka kawo hanyar abinci ba tuntuɓe. Ta daɗe tana kallon takardun, ta rasa ko murna za ta yi ko haushi za ta ji.

Tun daga ranar darasin ƙarshe na Alhamis ya zama na waƙa. Kowane layin benci zai ɗauko waƙar da ake yayi, ya zazzage kalamanta, ya cusa darasi a ciki. Amma Ba-haka-ba ba za ta bar abu sakaka ba. Ta kafa abin da ta kira tankaɗe. Za a rera waƙa sau ɗaya da kiɗan benci, kowa ya ji daɗinsa. Sannan a ajiye kiɗa, kowa ya buɗe littafi, a bi ta layi-layi. Duk layin da ya saɓa wa littafi an kashe shi ke nan, komai daɗinsa, kuma babu waƙar da za ta fita daga ɗakin sai ta tsallake. An yi kuka a wannan tankaɗen. Wasu yara sun taɓa cewa jinin jijiya shuɗi ne, don kawai kalmar ta zauna daram a kan kiɗa, suka yi ta magiya a bar musu, ta ƙi.

"Kuskuren da kuka rubuta da fensir ina da magoginsa," ta ce musu. "Wanda kuka rera ba ni da shi."

Shugaban makarantar bai taɓa ƙaunar abin ba. Mutum ne mai tarin makullai a ƙugu, tun kafin ya iso ake jin zuwansa. Ya kira ta ofis ya tambaye ta makaranta ce nan ko gidan rawa. Da ya ga ba za ta bari ba, sai ya ba da umarni a riƙa rufe tagogi duk ranar Alhamis. Haka yaran nan suka yi shekaru suna rera sassan fure da aikin ƙoda a cikin ɗaki a rufe, gumi yana tsiyaya har cikin littattafai. Da sakamakon kimiyya ya fara kyau, Shugaba ya hau dandamalin taron safe ya ce albarkar tsananin da yake yi ce.

Da Rediyo ta kai shekararta ta ƙarshe a makarantar, sai ta kawo waƙar zuciya, wadda ta fi duk waɗanda aka taɓa yi a ɗakin. Jini ne yake ba da labarin tafiyarsa da bakinsa.

Na zaga jiki na gaji, na nufo gida,
Ɗakin dama na sama ya ce min shigo,
Na sauka ƙasa, ƙofa ta rufe a bayana.

Waƙar da ta ara tana da wani wuri a tsakiya inda kiɗa yake ɗaukewa, mawaƙin ya rage murya yana roƙon masoyiyarsa. A nan Rediyo ta ajiye huhu.

Ba na wucewa hagu, bango ya tare ni,
Sai na je huhu na sauke kayan da ke kaina,
In sha iska, in yi ja, sannan in juyo.

Daga nan kiɗa ya dawo da ƙarfi, jini ya faɗa ɗakin hagu na sama, ya sauka na ƙasa, aka cilla shi jiki. Baitin huhun nan ya sha dawowa daga tankaɗe kafin ya zauna. Malama ta tambaye ta me ya sa ta zaɓa masa wurin da babu kiɗa.

"Ai a nan jinin yake numfashi, Malama."

Ranar Malama ta shiga gida tana rera waƙar, ta rera wa mijinta a tsakar gida, ta sake rera masa, har ya ce in dai ba jarrabawa za a yi masa ba a bar shi ya ci abinci.

Ana nan sai wani kamfanin waya ya sa gasar waƙoƙin ilimi tsakanin makarantu. Bidiyo ake so, gajere, kada ya wuce minti guda. A kwana ɗaya Shugaba ya zama masoyin waƙa. Da hannunsa ya zo ya buɗe tagogin da ya sa aka rufe, yana cewa haba, a bar yara su sha iska mana. Ranar Asabar ya kwashi Rediyo da 'yan amshinta a motar makaranta zuwa situdiyo, ya ɗora malamin wasanni a kansu, wai shi ya san harkar zamani. Malama ko sanar da ita ba a yi ba.

A bakin titi ta fara jin ta, tana jiran mota kusa da rumfar mai cajin waya. Muryar Rediyo ce ke fitowa daga lasifika, da kiɗa na gaske a ƙarƙashinta, mai shiga ƙashi. Gaskiya waƙar ta yi daɗi. Ta tsaya tana bin waƙar a zuci. Jini ya shiga dama ta sama, ya sauka ƙasa, ƙofa ta rufe a bayansa. Ta ja numfashi tana jiran kiɗa ya ɗauke. Bai ɗauke ba. Sai ji ta yi jini ya faɗa ɗakin hagu, ana ta kiɗa ana ta murna. An yanke huhu, an haɗa bakin waƙar da kyau yadda ko tabo babu. Ta karɓi wayar mai rumfar ta kalli bidiyon har ƙarshe, sai ga sunanta baro-baro, an rubuta cewa ita ta duba ta tabbatar.

Motoci suka yi ta wucewa ba ta tsayar da ko ɗaya ba.

Ranar Litinin Rediyo ce ta fara zuwa, tun kafin a neme ta, ido ya yi ja.

"Wallahi Malama na faɗa musu. Mai situdiyon ya ce waƙar ta yi tsawo, kuma wurin da babu kiɗa a nan mutane suke tura bidiyo su wuce. Na ce huhu ne a wurin. Shugaba ya ce ni na san gasa ko shi."

"Share hawayenki. Ba ke kika riƙe almakashin ba."

Ta wuce ofis. Shugaba yana zaune yana kallon bidiyon a wayarsa, fuska kamar gonar auduga.

"Malama! Kin ga yadda muke tashe kuwa?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Ina huhun?"

"Wane huhu?"

"Wanda ke ƙirjinka. An cire shi daga waƙar. Yanzu jini yana ratsa bango daga dama zuwa hagu bai sha iska ba. Mai irin wannan zuciyar ba ya kai labari."

"Haba Malama, waƙa ce fa. Minti guda aka ba mu. Huhu yana nan a littafi, babu wanda ya yage shi."

"Da littafin yana shiga kansu, da ban fara waƙa ba. Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi. A janye ta, ko a mayar da baitin a yanke amshi."

"An riga an tura. Kuma tsakani da Allah, wa zai lura?"

"Abin da yake ba ni tsoro ke nan."

Ya ajiye wayar ya gyara zama, ya sassauta murya irin ta wanda ya san inda ƙurji yake.

"Kin san abin da za a ba wanda ya ci? Kayan ɗakin gwaje-gwaje, cikakku. Ba ke ce kullum kike kukan kayan aiki ba? Yanzu ga su a bakin ƙofa, ki ce a kore su saboda layi uku?"

Nan ya same ta. Ƙarya ne ta ce ba ta so. Shekarunta nawa tana kwatanta wa yara ƙwayar halitta da hannu kamar mai ba da labarin aljanu? Ta tsaya tana kallon makullan da ke kan tebur, har ya fara murmushin nasara.

"To a cire sunana," ta ce.

"Sunanki ne ya sa alƙalai za su yarda da ita."

Ka ji fa. Bai san darajar tankaɗenta ba sai ranar da ya buƙaci ya manna shi a kan abin da bai bi ta cikinsa ba.

Suka ci gasar. Shugaba ya sa babbar kwat ya je ya karɓo kyauta, ya yi jawabi a kan yadda ya daɗe yana ƙarfafa wa yara gwiwa su haɗa ilimi da nishaɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Malama ta ƙi zuwa. Kwalaye suka iso, aka ɗauki hoto da su, aka shige da su ofis har sai an gyara famfuna. Alhamis ma aka karɓe ta daga hannunta, aka mayar da ita ƙungiyar waƙa ta makaranta a ƙarƙashin malamin wasanni, tunda yanzu ana buƙatar bidiyo a kai a kai, tankaɗe kuwa yana ɓata lokaci.

Duk wannan ba shi ya fi ci mata rai ba. Waƙar ce. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗora a kan kiɗa. Tana cikin motar haya, tana shagon aski, tana wayar mai sayar da kayan miya. Yaran da ba su isa shiga makaranta ba suna tsalle da ita a kan layi. Wata malamar kimiyya daga wata makarantar ta tare ta a kasuwa ta rungume ta, ta ce Allah ya saka da alheri, yanzu kullum da ita suke buɗe darasi. Malama ta tsaya a tsakiyar kasuwa, jaka a hannu, tana yi mata bayanin huhu, matar tana gyaɗa kai tana neman hanyar tsira.

Ba ta zauna ba. Aji-aji ta bi. Ta zana huhu biyu manya-manya har suka cinye rabin allo. Ta sa yara su dafa ƙirji su ja numfashi, ta tambaye su iskar nan ina za ta. Ta rera musu cikakkiyar waƙar da muryarta ta tsufa, ta sa su maimaita. Suna maimaitawa kuwa, don suna tsoronta. Rediyo ma ta ɗauki cikakkiyar a wayar yayanta ta sa a intanet, ba wanda ya kalla sai 'yan ajinsu. Ina muryar yarinya a ɗaki za ta kama ƙafar kiɗan situdiyo? Malama tana da yaran na ɗan lokaci a mako, waƙar kuwa tana tare da su a hanya, a gida, har a wurin wanki.

Da gwajin ƙarshen zango ya zo, ta ce 'yan ƙananan azuzuwa su zana zuciya su nuna hanyar jini da kibiya. Ta zauna a ɗakin malamai tana buɗe takardu. Zane mai kyau, ɗakuna huɗu cif, kowanne da sunansa daidai, abin da a da sai ta yi da gaske take samu. Ga kibiya ta shiga dama ta sama, ta sauka ƙasa, ta huda bango ta haye hagu. Ta buɗe ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Wasu don biyayya sun zana huhun a gefe, manya-manya yadda ta koya musu, amma babu kibiyar da ta je wurinsu, babu wadda ta fito.

Ta aika aka kira mata wata 'yar ƙarama mai ƙoƙari, wadda ba ta taɓa faɗuwa gwajinta ba.

"'Yata, me ya kai jini nan? Ban ce miki akwai bango ba?"

"Kin ce, Malama."

"To?"

"Da na zo rubutawa sai na rikice, sai na rera a zuciyata." Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Kuma an ce ke kika duba ta."

Malama ta sallame ta. Jan biro yana hannunta, ta rasa wa za ta kayar.

Da yamma tana tsugune a tsakar gida tana wanke-wanke, mijinta yana gefe a kan tabarma ya baje cikin wata fanka. Tun da ta dawo take zazzaga masa, daga Shugaba zuwa mai situdiyo zuwa alƙalan gasar da a cikinsu aka rasa mai huhu ko ɗaya, shi kuwa yana cewa uhm yana neman wani ƙaramin noti. Da ta gaji ta bari. Sai ƙarar kwanuka da ruwa. Can, ba tare da ta sani ba, ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, hannu yana cuɗa tukunya a kan karin waƙar.

Mijin ya ɗago kai. Ya ajiye sukudireba.

"Malama."

"Na'am."

"Ina huhun?"

Hannunta ya tsaya a cikin tukunyar. Ta juyo ta dube shi, ta ga ba tsokana yake yi ba.

"Na tsallake?"

"Kin tsallake."

Ta ɗauraye hannu ta goge a zane, ta miƙe tsaye kamar ɗalibar da aka kira gaban aji. Ta ɗauko waƙar daga farko, a hankali, da ƙarfi. Jini ya zaga jiki ya gaji, ya shiga dama ta sama, ya sauka ƙasa, ƙofa ta rufe a bayansa. Ta tsaya a nan, baki a buɗe. Kiɗan situdiyo yana ta bugawa a cikin kanta yana jan harshenta zuwa hagu, ita kuwa tana tsaye tana laluben layin da ke biye.